Cikakken DWARF, ragagge, rababbe ko BTF: wanne za ka kunna kafin ka gina kenel ɗin Linux?

Duk wanda ya buɗe `make menuconfig` ya gangara cikin Kernel hacking har zuwa sashen zaɓuɓɓukan kwamfaila (manhajar da ke mayar da kod zuwa harshen na'ura), zai tarar da jerin abubuwa da duk sunansu ya fara da `DEBUG_INFO`. A nan ake tsayawa ana susar kai. Wani ya ce kunna duka, wani ya ce kashe duka don kwamfutarka ba za ta ɗauka ba. Wannan rubutu na ɗalibi ne a Kadpoly ko KASU da aka ba aikin rubuta direba, da mai kula da sabar ofis, da duk mai laftof ta hannu da yake son ya san dalilin faɗuwar kenel ɗinsa ba tare da ya cika diski ya ƙona data a banza ba.

Akwai abu guda da ya kamata a kawar tun farko, domin shi ne ke sa mutane zaɓen da ba daidai ba. Alamomin bincike na DWARF, wato bayanan da kwamfaila ke rubutawa don danganta harshen na'ura da layukan kod da sunayensu, ba sa rage wa kenel gudu. Suna zaune ne a cikin fayil ɗin `vmlinux` da fayilolin modul masu ƙarewa da `.ko`, ba a loda su cikin ram lokacin da kwamfuta ke aiki, kuma `bzImage` da ake tayar da kwamfuta da shi ba ya ɗauke da su. Kuɗin da za ka biya yana wurin gini ne: fili a diski, lokaci, ram a matakin ƙarshe, da wuta.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko kuma mafi nauyi: wace tambaya kake son ka yi wa kenel ɗin? Mai son ya san layin da abu ya fashe daban, mai son ya tsayar da kenel ya leƙa cikin `task_struct` (inda kenel ke ajiye bayanan kowane shiri mai gudana) daban, mai son ya gudanar da shirin BPF (ƙananan shirye-shiryen da ake lodawa su gudana a cikin kenel) daban. Na biyu tsada, wato diski da lokacin gini da ram, sannan data idan saukewa za ka yi. A nan Kaduna dole a lissafa wuta a cikin tsada, domin ginin da ya ɗauki sa'o'i yana iya cin karo da ɗaukewar wuta, kuma batirin laftof ta hannu ba ya jure dukkan kwakwalwar na'ura tana aiki gaba ɗaya. Na uku ɗorewa: bayan wata shida, alamomin za su yi maka amfani, ko sun watse? Na huɗu sauƙin kafawa. Na biyar haɗari, musamman irin wanda ba ya nuna kansa sai ranar da kake cikin buƙata.

Babu DWARF, kallsyms kaɗai

Wannan shi ne `DEBUG_INFO_NONE`, kuma shi za ka samu idan ka yi `make defconfig` a kwamfutar x86. Ba a makance kake gaba ɗaya ba. Muddin `CONFIG_KALLSYMS` na kunne, idan kenel ya yi oops, wato ya ci karo da kuskure ya fitar da rahoto, zai rubuto sunan fankshin da tazarar da ke tsakanin farkonsa da wurin da ya faɗi, kamar `+0x4c/0x120`. Akwai kuma `System.map` da `/proc/kallsyms`. Gini ya fi sauri, folda ta fi ƙanƙanta, babu abin da za ka girka.

Iyakarsa ke nan. Kallsyms zai ce maka a Rigasa abin ya faru, DWARF kuwa shi ke kai ka layi da ƙofar gida. Kwamfaila tana narkar da ƙananan fankshin cikin manya, don haka sunan da ka gani a oops sau da yawa ba shi ne ainihin mai laifin ba. Wanda ya iya karanta abin da `objdump` ke fitarwa zai iya lalubowa, amma aiki ne na yini. Idan kana gina kenel ne kawai don ka samu direban wata sabuwar na'ura, wannan ya ishe ka, kada ka wahalar da kanka.

Cikakken DWARF

A nan zan fi daɗewa, domin sauran zaɓuɓɓukan duk rassansa ne.

Tun daga siga ta 5.18 ba a kunna `CONFIG_DEBUG_INFO` kai tsaye. An mayar da shi zaɓi ɗaya cikin huɗu: babu, ko abin da kwamfaila ta saba fitarwa, ko DWARF 4, ko DWARF 5. Tsofaffin darussa da yawa a intanet har yanzu suna cewa a rubuta `CONFIG_DEBUG_INFO=y` a cikin `.config`. Idan ka yi haka a sabon kenel, `make olddefconfig` zai share shi shiru, ka gama gini ka tarar babu komai. Hanyar da ke aiki ita ce:

```
scripts/config -d DEBUG_INFO_NONE -e DEBUG_INFO_DWARF5 -e GDB_SCRIPTS
make olddefconfig
grep DEBUG_INFO .config
```

Layi na ukun ba ado ba ne. Duba da idonka kafin ka fara, kuma bayan gini ka gudanar da `readelf -S vmlinux | grep debug` ka ga `.debug_info` da `.debug_line` suna nan.

Tsakanin 4 da 5 kuwa, DWARF 4 ya fito a 2010, DWARF 5 a 2017. Na biyar ya fi tsari kuma yawanci ya fi ƙanƙanta, shi ya sa GCC 11 da Clang 14 suka mayar da shi abin da suke fitarwa ba tare da an ce musu komai ba. Yana buƙatar gdb (manhajar binciken kurakuran kod) 8.0 zuwa sama da binutils (kayan haɗa fayilolin gini) 2.35.2 zuwa sama, kuma idan za ka haɗa shi da BTF, wanda za mu zo kansa a ƙasa, sai pahole ɗinka, manhajar da ke fitar da BTF ɗin, ya kai 1.21. Duk mai Ubuntu 22.04 ko Debian 12 ko Fedora ta kwanan nan ya wuce wannan sharaɗi. Na huɗu na wanda kayan aikinsa tsofaffi ne, misali kwamfailar da mai allon ARM ya ba ka tun shekarun baya. Zaɓin “abin da kwamfaila ta saba” ba shi da laifi, sai dai sakamakonsa yana sauyawa idan ka sauya kwamfuta, ni kuwa na fi son abin da na rubuta a `.config` ya zama shi ne abin da ya fito.

Abin da kake samu ya cancanci wahalarsa. `scripts/decode_stacktrace.sh` da `scripts/faddr2line` za su mayar da oops zuwa sunan fayil da lambar layi. Da QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfutarka, za ka iya tsayar da kenel tun daga numfashinsa na farko:

```
qemu-system-x86_64 -kernel arch/x86/boot/bzImage \
  -append "console=ttyS0 nokaslr" -nographic -s -S
```

`-s` na buɗe ƙofar 1234 don gdb, `-S` na hana shi motsi har sai ka ba da izini. A wata tagar sai `gdb vmlinux`, sannan `target remote :1234`, sannan `hbreak start_kernel`. Kada ka manta da `nokaslr`. Kenel yana sauya adireshin da yake zama a kowane tashi don tsaro, kuma idan ba ka kashe wannan ba, adireshin da ke cikin alamominka ba zai yi daidai da na ram ba, gdb ya yi ta jira a wurin da babu kowa. `GDB_SCRIPTS`, wanda ya shigo a siga ta 4.0, shi ke ba ka `lx-dmesg` da `lx-ps` da `lx-symbols` mai loda alamomin modul. Sai ka ƙara foldar ginin a `~/.gdbinit` ta hanyar `add-auto-load-safe-path`, in ba haka ba gdb zai ƙi lodawa. Kgdb, mai haɗa gdb da kenel ɗin wata na'ura ta wayar siriyal, da `crash` mai karanta hoton ram da kdump ya ajiye bayan faɗuwa, da sauran kayan bincike irin su drgn da SystemTap, duk cikakken suke so.

Wani abu da ke ba sababbi haushi: ko da cikakkun alamomi, gdb zai riƙa ce maka wasu bariyabul “optimized out”. Ba kuskurenka ba ne. Ana gina kenel da `-O2`, wanda ke sa kwamfaila ta gyara kod don sauri, kuma ba ya ginuwa da `-O0` mai kashe wannan gyara, domin akwai kod da ya dogara da cewa kwamfaila za ta share wasu rassa. Haƙuri ake yi, a duba rajista, ko a hau mataki ɗaya sama.

Tsadarsa kuwa ta dogara da `.config` fiye da yadda ta dogara da DWARF, kuma a nan ne mutane ke yaudarar kansu. Wanda ya kwafi saitin Ubuntu daga `/boot` zai gina dubban modul na na'urorin da bai taɓa gani ba, kowanne da nasa alamomin. Foldar irin wannan gini tana cin gigabait goma sha wani abu, tana iya haura ashirin, kuma a laftof mai kwakwalwa biyu ko huɗu aikin sa'o'i ne. A zafin Maris da Afrilu, ga fanka ta sha ƙurar hunturu, na'urar kan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Maganin shi ne `make localmodconfig`, wanda ke duba modul ɗin da ke lode a yanzu ya kashe sauran. Da shi cikakken DWARF zai shiga cikin 'yan gigabait. Sharaɗinsa ɗaya: ka jona filas da modem da duk abin USB da kake amfani da shi kafin ka gudanar, domin abin da bai gani ba zai cire direbansa.

Akwai kuma haɗari a wurin girkawa. `make modules_install` yana kwafe modul da alamominsu zuwa `/lib/modules`, daga nan su kumbura initramfs (ƙunshin fayilolin da kenel ke fara lodawa lokacin tashi), `/boot` ya cika, girkawa ta tsaya a tsakiya. Rubuta `make INSTALL_MOD_STRIP=1 modules_install`. Waɗanda aka girka za su zama marasa nauyi, masu alamomin kuma suna nan a foldar gini. Mai Debian ko Ubuntu zai iya yin `make bindeb-pkg`, wanda ke ware alamomin cikin ƙunshi na daban mai `-dbg` a sunansa, kuma wannan ita ce hanya mafi tsafta ta adana su.

Ɗorewa: `vmlinux` ɗin da ka gina tare da `bzImage` shi kaɗai ne abokinsa. Ka sake gini ko da da saiti iri ɗaya bayan ka taɓa layi guda, adireshi sun motsa. Kwafe `vmlinux` da `System.map` da `.config` zuwa wata folda mai sunan sigar kafin ka sake taɓa komai. `readelf -n vmlinux` zai nuna maka lambar shaidar ginin idan kana shakka.

Ragagge

`DEBUG_INFO_REDUCED` yana sa GCC ta rage bayanin da take rubutawa game da `struct`. Lambobin layi suna nan daram, folda ta ragu sosai, gini ya yi sauri. Ga wanda aikinsa fassara oops ne kawai, babu asara.

Amma da zarar ka buƙaci leƙa cikin bayanai, sai gdb ya ce nau'in bai cika ba. Takardun kenel da kansu sun ce a bar shi a kashe idan za a yi amfani da umarnin `lx-`, kuma ba ya zama tare da BTF. Ra'ayina shi ne yawancin masu kunna shi ba shi suke buƙata ba. Rage modul suke buƙata. Na fi ganin amfaninsa ga mai gina kenel sau da yawa a rana don gwaji, kamar mai farautar facin da ya kawo matsala da `git bisect`.

Rababbe

`DEBUG_INFO_SPLIT` yana amfani da `-gsplit-dwarf`, ya ajiye bayanin sau ɗaya a fayilolin `.dwo` a gefen kowane fayil da aka harhaɗa, maimakon a maimaita shi a fayil ɗin farko da na tsakiya da `vmlinux`. Ba a yar da komai ba, diski ya samu sauƙi, matakin haɗawa na ƙarshe ma ya rage cin ram. A takarda shi ne gwarzo.

A aikace rauninsa ɗorewa ne. `vmlinux` ya koma mai nuni kawai zuwa dubban ƙananan fayiloli. Ka kwafe shi a filas ka kai wa abokin aikinka a Barnawa, ya buɗe ya tarar da kwanon da babu tuwo. Ka yi `make clean`, sun tafi. Ba kowane kayan aiki ne ya iya karanta `.dwo` ba, tsofaffin sigogin ccache (manhajar hanzarta maimaita gini) ba sa shiri da shi, kuma shi ma ba ya haɗuwa da BTF. Yana da kyau ga mutum ɗaya, kwamfuta ɗaya, folda ɗaya da ba ta motsi.

Matsattse

Wannan ƙari ne a kan cikakken, ba kishiyarsa ba. Akwai matsewa da zlib, wadda ta daɗe, da ta zstd da ta zo daga baya, mai buƙatar GCC 13 ko Clang 16 tare da binutils 2.40. Bayanin bai ragu ba, `vmlinux` yana nan fayil guda mai ɗaukuwa, BTF ma yana aiki. Kuɗinsa ɗan ƙarin lokaci ne wurin gini da wurin buɗewa a gdb. Idan diski ne damuwarka, fara da wannan kafin ka waiwayi rababbe. Abin lura guda: ƙunshin `.deb` na alamomin yana iya ƙara girma maimakon raguwa, domin abin da aka riga aka matse ba ya sake matsuwa da kyau.

BTF

Mutane da yawa suna ɗaukarsa ƙaramin DWARF mai arha. Ba haka ba ne. `DEBUG_INFO_BTF`, wanda ya shigo a 5.2, yana bayyana nau'o'in bayanai da sifar fankshin cikin 'yan megabait, ana loda shi tare da kenel, ana ganinsa a `/sys/kernel/btf/vmlinux`. Shi ke ba shirye-shiryen BPF damar gudana a kenel daban-daban ba tare da sake harhaɗawa ba, kuma bpftrace yana jin daɗinsa. Ba ya ɗauke da lambobin layin kenel, gdb kuma ba da shi yake aiki ba.

Sannan ba ya rage tsadar gini ko kaɗan. Sai an fitar da cikakken DWARF tukuna, pahole na Arnaldo Carvalho de Melo ya tace shi zuwa BTF. Wannan matakin yana zuwa ne a ƙarshe kuma yana cin ram ƙwarai, shi ya sa mai gigabait 4 ke ganin gini ya mutu bayan ya yi ta jira. Ƙara swap, wato filin diski da ke taya ram, kafin ka fara. Idan babu pahole, ya danganta da sigar kenel, ko dai gini ya tsaya a ƙarshe da kuskure ko zaɓin ya ɓace daga `.config`. Ƙunshin da ke ɗauke da pahole ana kiransa `dwarves` ko `pahole`. Masu kwafar saitin Ubuntu suna gadon BTF a kunne ba tare da sun sani ba. Idan ba BPF kake yi ba, kashe shi.

Kada ka gina, sauke na masu rarrabawa

Idan kenel ɗin da ke ba ka matsala na Ubuntu ne ko Debian ko Fedora, sake gina shi ba zai ba ka alamomin da suka dace da wanda ya faɗi ba. Nasu za ka sauke. A Ubuntu ana ƙara rumbun ddebs a girka `linux-image-$(uname -r)-dbgsym`, a Debian ƙunshi mai `-dbg`, a Fedora `dnf debuginfo-install kernel`. Suna sauka a ƙarƙashin `/usr/lib/debug`. Babu zafin na'ura, babu tsoron ɗauke wuta a tsakiyar gini. Data ce ke ji a jikinta, domin ƙunshin ɗaruruwan megabait ne, na Ubuntu yana kusantar gigabait ko ya wuce, kuma kowane sabunta kenel yana buƙatar sabon saukewa. Mai hikima yana jiran garaɓasar dare ko intanet ɗin makaranta.

| Zaɓi | Diski da lokaci | Lambar layi | Leƙa cikin struct | BPF | Ɗaukuwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Kallsyms kaɗai | mafi arha | a'a | a'a | ba BTF | ba matsala | sai ka sake gini idan abu ya faru |
| Cikakken DWARF | mafi tsada | e | e | idan an ƙara BTF | fayil guda | cika diski da `/boot` |
| Ragagge | matsakaici | e | rabi-rabi | a'a | fayil guda | gdb da kgdb su gaza |
| Rababbe | diski kaɗan | e | e | a'a | da wuya | ɓacewar `.dwo` |
| Matsattse | diski kaɗan, ɗan jinkiri | e | e | idan an ƙara BTF | fayil guda | zstd na son sababbin kayan aiki |
| BTF | cikakken da ƙari | daga DWARF ɗinsa | ga BPF | e | yana cikin kenel | ram ya ƙare wurin pahole |
| Na masu rarrabawa | data mai yawa | e | e | nasu na da BTF | sauƙi | siga ba ta dace ba |

Wa ya ɗauki wanne

Ɗalibi mai koyon kenel ko rubuta direba: `defconfig` a cikin QEMU, DWARF 5, `GDB_SCRIPTS`, BTF a kashe. Wannan gini ƙarami ne, laftof mai gigabait 8 za ta ɗauke shi ba tare da kuka ba, kuma idan kenel ya faɗi ba kwamfutarka ce ta faɗi ba. Idan direban na ainihin na'ura ne da ke jone a laftof ɗinka, sauya `defconfig` da `localmodconfig`, ka tuna da `INSTALL_MOD_STRIP=1`.

Mai diskin gigabait 128 da ya kusa cika: rage modul tukuna, sannan matsewa da zlib. Rababbe sai idan har yanzu bai isa ba kuma kai kaɗai ke aikin.

Mai aiki a kan allon ARM da tsohuwar kwamfailar kamfani: DWARF 4, a ajiye `vmlinux` a kwamfutar da ake gini, a tura wa allon kenel mara nauyi, a haɗa su da kgdb ta hanyar `kgdboc` a wayar siriyal.

Mai kula da saba a ofis ko asibiti ko banki da ke kan kenel ɗin Ubuntu ko Debian: kada ka gina komai. Kunna kdump yau, kafin faɗuwa ta gaba, sannan ka sauke alamomin sigar da ke gudana a wata kwamfuta daban ka yi binciken a can. Idan kuwa kenel ɗin naku ne kuke ginawa da kanku, cikakken DWARF tare da BTF, a fitar da ƙunshin `-dbg` a kowane gini, a ajiye shi a wuri biyu da lambar sigarsa a jiki.